Seu Nivaldo da Keken Ɗinkin Dona Zenaide

Seu Nivaldo dos Anjos bai ƙara yin gudu a kan titi ba tun yana ɗan shekara goma sha huɗu. Ranar da zai bar garinsu Santo Amaro ya zo birnin Salvador koyon gyaran fanka, mahaifiyarsa ta raka shi tasha, ta miƙa masa ƙullin garin rogo, ta ce ya riƙa goge rigarsa, kada ya fita ba takardar shaida a aljihu, kuma duk saurin da yake yi kada ya kuskura ya yi gudu. Ta ce a birni idan aka ga baƙin mutum yana gudu, ba a tambayar ina za shi, sai dai me ya ɗauko.

Ya riƙe maganar fiye da yadda ita kanta ta yi nufi. Ranar da matarsa Dona Creuza ta haifi 'yarsu Jucelia, ya hango bas ɗin asibiti yana shirin tashi, tsakaninsu bai fi taku ashirin ba. Ya ci gaba da tafiyarsa a natse, bas ya tafi ya bar shi. Ko da ya isa, an yi wa jaririya wanka, an sa mata riga, har ta yi barci ta farka. Shekara ashirin da biyu ke nan, Dona Creuza ba ta daina ba da wannan labari ba, musamman idan akwai baƙi a gidan.

Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar gidansu, a unguwar da ke kan tudu. Fanka, rediyo, dutsen guga, injin markaɗe, duk abin da ya daina motsi shi ake kai wa. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: shekara talatin da biyar yana wannan aiki, ko allurar wani ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba.

Kayansa na kansa ba su ba shi wahala, domin kowanne yana da rasit, har takalmin ƙafarsa. Kayan mutane ne matsala. Wa zai ba ka rasit ɗin rediyon da aka gada wajen kaka? A shekarunsa na farko, duk ranar da ya ɗauko fankar wani zai mayar, sai ya tsinci kansa fuska a bango, hannuwa a ƙeya, ɗan sanda yana lalube shi. Sai wata Kirsimeti, yana ɗauke da kyautar surukarsa a naɗe cikin takarda mai furanni, ya wuce 'yan sanda huɗu ba wanda ya ɗaga kai. Ɗaya ma har ya yi masa barka da biki. Tun daga ranar Seu Nivaldo bai sake fita da kayan gyara ba sai ya naɗe su da takardar kyauta, ya ɗaure da jan kintinkiri. Ya ce bai taɓa jin ɓarawon da ya tsaya ɗaura kintinkiri ba.

Mutane suka saba. Sau ɗaya ne aka kusa samun matsala, lokacin da wani magidanci ya dawo ya tarar da namiji a ƙofar gidansa yana miƙa wa matarsa kyauta. Sai da aka warware a gabansa, ya ga dutsen gugarsu ne.

Da Jucelia ta shiga jami'a ta fara karatun lauya, abin ya fara ci mata rai. "Baba, wannan wulaƙanci ne," in ji ta. "Mutum da sana'arsa, sai ya yi wa fanka kwalliyar amarya kafin a bar shi ya wuce?"

"Amma ina wucewa," ya ce.

"Ka yi tafiyarka da kanka a sama. Ba ka saci komai ba."

"Na san ban sata ba, 'yata. Su ne ba su sani ba."

Wata Juma'a a watan Janairu ta kwashe takardun naɗin gaba ɗaya ta ɓoye. A ranar kuwa yana da keken ɗinkin Dona Zenaide, telar unguwar, a hannu, tsohon keke baƙi mai juyawa da hannu wanda uwarta ta bar mata. Ya kai shi ƙasan gari aka yanka masa wani ƙarfe, zai dawo da shi. Ya duba ko'ina bai ga takarda ba, ya ce to, bari yau ya gwada maganar masu jami'a. Ya rungumi keke tsirara, ya ɗaga kai sama har wuyansa ya ƙage.

A tashar bas 'yan sanda suka tare shi. Takardunsa ba su da aibu, don haka shi aka sake shi. Keken ne aka ce ya bi su ofis, sai mai shi ya kawo shaidar saye.

Dona Zenaide ba ta yi ihu ba, abin da ya fi tsoratar da shi ke nan. Ta nuna masa farin yadi jibge a kan gadonta. Siket goma sha huɗu ne na matan da za su wanke matakalar cocin Bonfim a bikin shekara ranar Alhamis, ko ɗaya ba ta haɗa ba.

"Seu Nivaldo," ta ce, "keken nan ya girmi uwar ɗan sandan da ya ɗauke shi. Wanda ya sayar da shi ya mutu, shagon ya zama wurin sayar da kaji. Ni dai hannunka na ba. In Alhamis ta zo matan nan ba su da siket, kai za ka tsaya ka yi musu bayani, kuma ka san su."

Ya san su.

Jucelia, wadda kunya ta hana ta kallon idonsa, ta ce wannan magana ce ta ƙungiyar unguwa. Aka kira taro ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, a barandar Dona Nilzete mai ƙosai. Shugaban ƙungiyar shi ne Seu Aristides, tsohon kwandastan bas, kuma uban Jucelia na baftisma. Aka amince za a rubuta wa shugaban 'yan sandan yankin wasiƙa. Jucelia ta miƙe ta karanta layin farko: "Mu, baƙaƙen fatar wannan unguwa..."

"Tsaya nan," in ji Seu Aristides. "Su wa?"

"Mu, Baba Aristides."

"Ke da wa? Ni wankan tarwaɗa ne. Haka aka rubuta a takardar haihuwata."

Dona Creuza ta ce, "Tarwaɗar da aka manta a kan wuta dai."

Baranda ta kaure da dariya. Seu Aristides ya naɗe hannun riga ya nuna damtsensa inda rana ba ta taɓawa, ya ce kowa ya zo ya gani da idonsa. Dona Nilzete ta ce ita mijinta marigayi launin kirfa yake ce mata, kuma ba za ta canza ba don ba ya nan ya kare kansa. Wani ya ce shi kofi da madara ne. Aka tambaye shi ina madarar ta tafi.

Seu Nivaldo ya ɗaga hannu. Ba wanda ya kula.

"Lokacin da muke yara," in ji Seu Aristides, muryarsa ta sauka, "in ka ce wa mutum baƙi sai an raba ku. Da kalmar nan aka kori ubana daga ƙofar otal. Yanzu ki ce in sa hannu a ƙarƙashinta?"

"Shi ya sa muke faɗarta da bakinmu," Jucelia ta ce. "In kowa ya ɓuya a bayan kirfa da madara, in an zo ƙidaya sai a ce babu mu."

Kowa ya san dukansu biyun suna da gaskiya. Sai wata ta ce tunda dai wasiƙa za a rubuta, a sa maganar kwatar da ke malala a ƙofar makaranta, don ita ce ke kashe mutane ba kalma ba. Jucelia ta ce a fara da na'urar ɗaukar hoto a ƙirjin kowane ɗan sanda. Wani saurayi ya ce a kwashe 'yan sandan gaba ɗaya daga unguwar. Dona Nilzete ta ce a ƙaro su, sau biyu ana sace mata tukunyar gas, kuma wanda ya ce a kwashe su ya fara faɗa mata inda yake ranar Talatar da aka sace ta. Saurayin ya miƙe. Aka zaunar da shi da ƙosai.

Hannun Seu Nivaldo ya gaji, ya tallafe shi da ɗayan. Bayan awa uku aka ba shi dama.

"Ni dai," ya ce, "da suka tare ni ba wanda ya tambaye ni launina. Da alama sun riga sun sani. Keken fa?"

"Wane keke?" in ji wani daga baya.

Aka kafa kwamiti na mutum biyar da zai duba layin farko, aka ce a dawo Lahadi mai zuwa.

Ranar Litinin da safe ya goge rigarsa ya tafi ofishin 'yan sanda shi kaɗai, ba wasiƙa. Keken yana kan wani benci tsakanin tayar babur da kejin tsuntsu. Sajen da ke kan tebur, mutum mai ƙiba da gajiyayyun idanu, fatarsa kusan ɗaya da ta Seu Nivaldo, ya ce ba shi ya yi dokar ba: babu takarda, keke ba ya fita.

Seu Nivaldo ya daɗe yana kallon keken. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, keke ba ya fita, na ji. Mai shi fa, an hana ta shigowa?"

Saje ya ce ofis na jama'a ne. Bai san abin da ya jawo wa kansa ba.

Kafin awa guda Dona Zenaide ta iso da yadi a ka, almakashi a jaka, da kujerarta. Seu Nivaldo ya ɗiga wa keken mai, ya ɗaure ƙarfen da aka yanka, ta zauna ta fara juyawa. Ƙarar tsohon keken nan kamar ana zuba tsakuwa a kan kwano take. Saje yana waya yana toshe kunne ɗaya. Wanda ya zo kawo ƙarar an sace masa waya sai da ya faɗa sau uku.

Da rana matan suka fara zuwa awo. Manyan mata ne, masu manyan muryoyi, kowacce da ra'ayinta kan ƙugun 'yar'uwarta. Suka ja allon sanarwa suka yi labule da shi. Ɗaya ta miƙa wa wani kurtu bakin tef ta ce, "Riƙe nan, ɗana, kuma ka kawar da kai." Wata ta kawo wake da garin rogo ta raba, har na cikin ɗakin tsaro sai da aka miƙa musu. Dona Zenaide ta dubi wandon Saje ta ce wanda ya yi masa kalmasa ba ya ƙaunarsa, ya cire ta gyara. Ya ce a'a, ya gode.

Ranar Talata suka dawo su tara, da waƙa. Da azahar Saje ya kira Seu Nivaldo gefe, ya ce ya gamsu, duk wanda ya ga yadda matar nan ke zagin keken yana yi mata biyayya ya san nata ne. Ya ɗauka ya tafi, don girman Allah.

"Ba zan iya ba, ranka ya daɗe."

"Me kuma?"

"In na ɗauka, a kwanar gaba abokan aikinka za su karɓe, gobe mu dawo nan. Kuma saura siket shida."

Haka aka yi kurata biyu suka ɗauki keken Dona Zenaide suka hau matakalar unguwar mai hawa ɗari da tamanin da shi, suna haki. Seu Nivaldo yana tsakiyarsu, hannu a baya, yana ce musu su yi hankali da mariƙin. Wata da ke shanya a sama ta hango shi tsakanin 'yan sanda biyu, hannuwansa a baya, ta kurma ihu cewa an kama Seu Nivaldo. Kafin su kai rabi unguwa ta fito. Seu Aristides ya gangaro da silifa ɗaya, yana kaɗa daftarin wasiƙar da ba a gama ba.

"Ku sake shi! In baƙi kuke nema ku haɗa da ni, dukanmu nan baƙaƙe ne!"

Jucelia ta zaro biro. "Baba Aristides, maimaita in rubuta."

Ya tsaya, ya ga keke, ya ga Seu Nivaldo ba ankwa, ya nemi ɗayan silifansa. "Cikin ruɗu na faɗa," ya ce. "A kai wa kwamiti."

Aka ajiye keken a ɗakin Dona Zenaide, Seu Nivaldo ya sa aka ba kuratan ruwa. Ta juya mariƙin sau biyu tana sauraro, ta duba ɗinkin ta gaba da ta baya, ta jawo yadi ta ci gaba. Laraba da yamma ta gama siket na goma sha huɗu.

Ranar Juma'a da safe ta tsaya a ƙofar shagonsa da dutsen gugarta da ya daina zafi. Ya miƙa hannu biyu ya karɓa, ya ce in ya gama zai kawo mata har gida.

"Gyara za ka yi," ta ce, ta jawo kujera. "Ɗauka kuma ni zan ɗauki abina."