Ƙodar Inna

Shekarar da fari ya cinye mana gero, na dawo hutu daga makarantar kimiyya na tarar Inna, kakata ta wajen uba, ta daina cin abinci. Wai ciwon ƙoda ya kama ta, irin wanda ya ɗauke yayarta, don haka ba za ta ɓata tuwon da yara ke jira ba. Har kwallayenta ta rabar. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Inna, a ina yake miki ciwo?"

Ta dafa bakin cikinta, can ƙasan ƙirji.

Wallahi tsalle na yi! A zangon nan aka koya mana wannan, kaina cike yake taf. Na ce ai ƙoda ba a nan take ba, a baya take. Ta harare ni ta ce, "Kai tafi can, mijin banza, ciki a baya?"

Washegari Baba ya yanka akuyarmu, don babu harawar ba ta. Ana farke ciki na ruga na kamo hannun Inna, tana zagina ina janta. Na sa aka janye tumbi da hanji gefe. Sai ga ƙodojin nan a manne da baya, ɗaya dama ɗaya hagu, ƙashin baya a tsakiya, ɗan kitsen da ya rage ya lulluɓe su.

Na zagaya na dafa bayanta, daidai haƙarƙarin ƙarshe. "Naki ma nan suke, Inna! Hanji ne a gabansu. Ta dama ta ɗan yi ƙasa, hanta ce ta danne ta. Ta hagu kuwa maƙwabciyar saifa ce. Nan yana ciwo?"

Ta ce a'a. Na ce to asibitin Bici za mu je a duba, amma ni ina zargin yunwa ce ke cin cikin nan.

Ta daɗe a tsugune tana kallon cikin akuyar. Ta kai hannu bayanta ta latsa dama, ta latsa hagu, ta sake latsawa da ƙarfi.

Can ta miƙe ta gyara ɗaurin zane. Ta dubi mahaifiyata ta ce, "Ke, akwai sauran ɗumamen jiya? Ki sa mini man shanu in da shi."

Baba ya juya mana baya yana goge ido da gefen riga.