Kwamfuta Mai Rigar Fata

Har yau, in na ratsa layin dukawa a Kasuwar Kurmi ƙamshin jar fata ya bugi hancina, sai in ji wata 'yar ƙara a kunnena: ƙit. Ƙarar da kwamfutarmu take yi ke nan idan ta mutu ta sake tashi da kanta. Bari in ba ka labarin a jere, domin ba na son magana a hargitse.

Gidanmu a Sheshe yake, gidan ƙasa mai soro biyu. Ina farkon sakandare kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya ba mu aron tsohuwar kwamfuta irin ta tebur, allo mai ƙeya da akwatin ƙarfe a gefe, don yayana ya koyi buga takardu. Aka ajiye ta a soro na biyu. Yaya yana aiki da safe, ni kuma an yarje min in buga wasan ƙwallo tsakanin azahar da la'asar. Baba ya kafa doka guda: kayan aro ne, kada wanda ya kwance ko da kusa ɗaya.

Kakata, mahaifiyar Baba, ba ta san abin da ake yi da ita ba, amma ta ji an ce akwai karatu a ciki. Ta ce abin da yake ɗauke da karatu ba a barinsa tsirara. Ta auna akwatin da zare, ta aika wa badukun da ya yi mata gafakar Alƙur'aninta. Ana gab da fita daga sanyi aka kawo riga ta jar fata, da ado a gaba, da igiyoyin ɗaurewa a baya. An bar ƙofar maɓalli, da ta faifai, da ta wayoyi. Ita da hannunta ta ɗaura. Kowa ya yaba.

Da bazara ta kankama, ciwon ya fara. Ina tsakiyar wasa, 'yan wasan su sandare, allo ya yi baƙi, sai ƙit. Kullum kafin a je hutun rabin lokaci. Yaya kuwa yana buga takardunsa da safe lafiya lau. Saboda haka laifin ya faɗo kaina.

Baba ya kira mu bayan magariba. Bai ɗaga murya ba, ba ya ɗagawa.

"Wasan nan ne yake kashe ta. Ba zan mayar wa kawunku gawa ba. In Juma'a ta zo ba ku gano ciwonta ba, ta koma gidan mai ita."

Yaya ya daina yi min magana. Hannunsa ya fara faɗawa, malaman makarantar unguwa sun fara kawo masa aiki. In ta tafi, shi ke nan.

Na bi abin ɗaya bayan ɗaya. Da farko na zargi wuta, muka aro sitabilaizar firijin maƙwabta. Ta mutu. Na biyu na zargi faifan wasan, na goge shi da auduga, na musanya shi da na wani ɗan ajinmu. Ta mutu. Daga nan abokin Yaya ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga, ya share komai ya sake ɗorawa, muka wuni a kansa. Washegari ta mutu a daidai inda ta saba.

Ranar Alhamis, da ta yi ƙit, na sunkuya in duba waya a baya, damtsena ya taɓa fatar. Na janye da sauri, kamar na jingina da tukunya. Na kara kunne. Fankar ciki tana kuka a shaƙe. Na ɗaga gefen rigar kaɗan, wata iska mai zafi ta doke ni a fuska. A ƙarƙashin fatar akwai ƙananan huji jere a jikin ƙarfen, duk a rufe. Aikin Yaya mara nauyi ne, kuma da sanyin safiya. Nawa mai nauyi ne, rana tana tsaka.

Na gaya wa Yaya. Ya dube ni.

"Kai za ka ce wa Baba rigar Kaka ce? Babu ruwana."

Juma'a da aka sauko, Baba ya shigo da ɗan dako, ya bar shi a zaure da gammonsa. 

"Baba, a ba ni wasa ɗaya."

Na kai hannu na kwance igiyoyin.

"Wa ya ba ka izini?"

"Ba kusa ba ce, Baba. Riga ce."

Bai zauna ba. Na kunna. Ban san wa yake ci ba, agogon wasan kawai nake kallo. Aka je hutun rabin lokaci. Aka dawo. Ba ta mutu ba. Na saci kallon Baba, na ga idonsa a kan fatar da ke ajiye a tabarma, na san ya gane, na kuma san ba zai iya faɗa ba.

Sai muka ji sandar Kaka a tsakar gida, tana matsowa. Yaya ya manne da bango. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Maigida, kai ka tuɓe ta?" Haka take kirana, amma ranar babu wasa a muryarta.

"Ni ne, Kaka. Zafi take ji. Ta nan take numfashi."

Ta tako a hankali. Ta kara bayan hannunta a wurin hujin, yadda take yi wa goshinmu in ba mu da lafiya. Ta daɗe a haka. 

"Ashe hanci na toshe mata." Ta juya ga Baba. "Kai kuma ka sallami mutumin nan. Mai zazzaɓi ake fitarwa daga gida?"

Amma ba ta yarda a bar ta tsirara ba. Ta kafa tata dokar: a tuɓe kafin a kunna, a jira ta huce, sannan a mayar. Kullum da yamma sai ta zo ta taɓa da bayan hannu kafin ta ba da izinin ɗaurewa, har ƙafa ta hana ta fitowa.

Yau Yaya da buga takardu yake riƙe iyalinsa. Rigar tana cikin adakata, fatar ta yi duhu. 'Ya'yana suna ɗora kwamfutarsu ta cinya a kan katifa, ba sa rufe ta, ba sa girmama ta, in ta yi zafi sai tsaki. Nakan yi musu faɗa, in ɗauke ta in ɗora a tebur. Kafin in fita daga ɗakin sai na kara bayan hannuna a jikinta.