Yadda Kwaɗo Ya Daina Tafiya

Kakata Ige a bakin banda take yi mana tatsuniya, tana juya kifi, hayaƙi na cin idanunmu. Muna wani ƙauye ne a gaɓar ruwa kusa da Warra, kuma ni ke tuƙa ƙannena a kwalekwale zuwa firamaren da ke tsallake. Ƙarfi kam Allah ya ba ni. Iyo, langa, kokawa, sai duhu ya raba ni da su.

Sai aka kawo mana malamin wasanni, wani ƙato mai tumbi da usur a wuya. Har yau ban yafe masa ba. Ko sau ɗaya bai jefa mana ƙwallo ba. Darasinsa guda ne: wanda ya makara, ya kama kunne ya zagaye fili da tsallen kwaɗo, shi kuwa gogan yana inuwar mangwaro yana ɓare gyaɗa. Wai motsa jiki ke nan. Mu masu ƙetaro ruwa kullum mu ne a makare.

Ranar da na dawo ina jan ƙafa, ko tsugunawa cin tuwo na kasa, Ige ta dube ni ta ja tsaki.

"Maigidana, wa ya lalata min kai hakanga? Matso nan, ta yau taka ce."

Ta ce a da kwaɗo a miƙe yake tafiya, yakan je Yawuri ya dawo don marmari kawai. Sai aka naɗa zalɓe ya koya wa 'ya'yan dabbobi ƙarfin jiki. Zalɓe kuwa malalaci ne, tsayuwa da ƙafa ɗaya kaɗai ya iya. Duk wanda ya ɓata masa rai sai ya durƙusar da shi, ya sa shi tsalle. Kwaɗo ya yi ta yi har ƙafafunsa suka lanƙwashe.

"Ba ƙahwahun ba ne abin tausai," in ji ta, tana nuna ni da itacen wuta. "Dubi kwaɗo yau bakin ruwa, ba shi motsi sai an kore shi. Wanga zalɓe, Allah ya isa."

Muka bushe da dariya, mun gane zalɓen.

Gwiwoyina sun warke, amma kafin in gama firamare na bar langa da kokawa, duk abin da zai sa ni haki na tsane shi. Yanzu a shago nake wuni a Yelwa, na yi teɓa, jinina ya hau. Likita ya ce in ina son ganin jikokina, in riƙa ɗan gudu da safe. Na sayi takalmi, na fita fili bayan asuba. Ina fara haki na tsaya cak, babba da ni, ina tunanin laifin me na yi. Na juya na koma gida.