Tamfol a Shekarar Fari

Ban yafe wa wan mijina salkar ruwan da ya sauke ba. Ya rasu, na je gaisuwa, na yi mishi addu'a yadda ake yi wa kowane Musulmi, amma zancen salka yana nan inda na aje shi. Na yafe mishi iyakar gonar da ya ci, na yafe mishi baƙar magana ta shekara da shekaru. Salka kam, a'a. Sai da na yi jikoki na koyi riƙe alƙalami, kuma wanga zance ne na fara so in ga ya hau takarda.

Fari na biyu ne a jere. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya ƙone a tsaye. Mijina ya tafi cin rani kudu tun damina ba ta gama mutuwa ba, ya bar ni da ɗiya huɗu a ƙauyenmu kusa da Tozai. Rumbu ba komai sai tukunya guda ta iri, wadda na liƙe bakinta da yumɓu. Kullum safiya ƙaramar ɗiyata sai ta je ta dafa tukunyar nan ta dube ni. Wanda ya ci iri ya ci baɗi, kowa ya sani, amma sani ba ya hana yaro kuka.

Sai mutanen da sunka dawo kasuwar Sabon Birni sunka zo da labari: can arewa wajen iyaka akwai wani tudu da ruwa ya sauka sau biyu, karangiya ta fito ta nuna. Yaran yanzu sun san karangiya ƙaya ce mai manne wa zane. Ba su san cikin kowace ƙaya akwai ƙwaya ba, 'yar mitsitsiya, wadda in an daka an sheƙe an niƙa, tana tuwo, tana kunu. In na samo buhu guda, tukunyar iri ta tsira. In na dawo hannu wofi, za ni fasa yumɓun nan da kaina.

Mu uku munka shirya: ni, da gwaggon mijina, da wan mijin nawa, tunda mace ba ta kwanan daji ba namiji. Yara na bar su ga maƙwabciya. Jaki guda gare mu.

Gwaggo ta ga yunwa tun tana yarinya, ita ta tsara kaya. Ta zauna bisa kujera tana nuni da sanda. Duk abin da na ɗauko sai ta ce, "Mi za shi yi miki can?" In ban ba da amsa nan take ba, sai ta ce in mai da shi ɗaki. Tulu bai je ba, don jaki na tuntuɓe sau ɗaya an gama. Tukunya guda ta ƙarfe. Tabarma ɗai-ɗai, ita ce shimfiɗa, ita ce inuwa in an jingina ta ga reshe. Ƙaramin turmi da taɓarya, don wauta ce a ɗauko ƙaya zuwa gida, can ake dakawa a taho da ƙwaya. Faifai biyu, tsintsiya mai tauri, buhu. Takalmin taya, ba silifa ba. Ashana cikin gwangwani mai murfi. Gishiri, kanwa, ɗan man shanu na shafa ga hannu, da allura soke ga gefen kallabi saboda cire ƙaya. Guga da igiya.

Sai salka biyu. Kwana uku na yi ina jiƙa su, ina shafa musu mai ga ɗinki, don salkar da ta daɗe a bushe in ka cika ta farat ɗaya sai ta yi ta hawaye har ta ƙare. Lissafin Gwaggo a fili yake. Rijiya mafi kusa da tudun nan ta makiyaya ce, zuwa da dawowa wuni guda. Da salka biyu muna aikin kwana uku cur, mu bi ta rijiya kafin mu kama hanyar gida. Da salka guda kuwa, rabin zamanmu a hanyar ruwa za shi ƙare, kuma ba mu kaɗai munka ji labarin tudun ba.

Da asuba na cika su duka biyu na aje bakin zaure. Ɗaurin jaki aikin maza ne, wan mijina ya ce mu yi gaba shi ya ɗaure ya cim mana. Ni da turmi a kai, Gwaggo da sandarta. Da ya cim mana na ga wani abu kore, naɗe, ya hau bayan jaki ya rufe mangala duka. Tamfol ne na babbar mota, wanda wani direba ya ba shi lokacin da yana lodi a tasha. Yana warin baƙin mai. Na ga jaki na nishi, na kau da kai. Wan miji ne. Ko sunanshi ban faɗa, ko ido ban haɗa da shi.

Munka isa tudun da la'asar sakaliya. Mutane ko'ina, mata durƙushe suna shara, wasu daga wajen Isa, wasu daga ƙetaren iyaka. Gwaggo ta zaɓi masauki. Ta ƙi gindin gawo inda shanu sunka saba kwanciya, saboda kaska. Ta ƙi kusa da suri, ta ce gara na cinye buhu kafin gari ya waye. Ta ƙi kwari ko da ya fi laushi. Munka sauka gindin aduwa a ɗan bisa, na share wurin tas har ƙasa ta fito, don a ga sawun kunama in ta biyo. Na rataye salkar da munka sha a hanya ga reshe, inda iska za ta buge ta ruwan ya yi sanyi. Na koma in ɗauko ta biyu.

Na ɗaga tamfol. Na duba mangalar dama, na duba ta hagu. Na sake dubawa, kamar salka allura ce.

Gwaggo ta ce, "Kai, ina ɗayar?"

Ya ce, "Jaki ba ya iya ɗaukar duka, Gwaggo. Na bar ta zaure, yara su sha."

"Yara na da rijiya bakin gida! Ka sauke ruwa ka ɗauko mi?"

Ya buga tamfol da tafin hannu. "Wanga. Kwana uku ina ganin hadari gabas. In ya sauka, ina za ku ɓuya? Kuma in na shimfiɗa shi, ruwan da za shi tara ya fi salka goma. Ku mata ba ku kyautata wa Allah zato. Mutum ya fito daji ba shirin ruwan sama, ai ya ce ke nan ba za a yi ba."

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, "Ɗan nan, ranar da anka haife ka ni na yanke cibiya. Da na san haka za ka zama, da na duba ko ba a bar wani abu ciki ba."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Na je na dafa salkar da ke reshe, na auna ta da hannu. Ta wuce rabi kaɗan.

Da magariba ya ɗauki buta za shi tsiyaya na alwala. Gwaggo ta sa sanda ta tare bakin salka. "Ga ƙasa nan mai tsarki, yi taimama. Ko malamanku ba su kai ka wanga babi ba?" Ya yi taimama yana gunaguni.

Washegari tun da sanyin safiya munka shiga aiki. Wanda bai share karangiya ba bai san ƙaya ba. Tana shiga tsakanin yatsu, tana hawa zane, tana bin gashin ido. In ka share ka tara, ka daka, ƙaiƙayin ya tashi ya shiga maƙogwaro, kuma maƙogwaro ruwa yake nema. Gwaggo ta ba ni ƙwallon aduwa in riƙa tsotsa. Ruwa sai kurɓi uku, sai rana ta matsa a sake uku.

Shi kuwa ya sari sanduna ya kafa tamfol ɗinshi, ya yi rumfa, ya ce mu zo mu ga yadda ake zaman daji irin na waɗanda sunka ga duniya. Na leƙa sau ɗaya. Tanda ce. Tabarmar kaba iska na ratsa ta, wanga abu kuwa zafi yake kamawa ya riƙe. Ya yi shara kaɗan, ƙaya ta shige mishi ƙafa don silifa ya saka, ya koma cikin tandarshi ya kwanta yana zufa. Duk sanda na juya baya sai in ji ƙarar ruwa cikin moɗa.

Duk da haka munka samu. Kafin la'asar ni da Gwaggo mun tara ƙwaya tsabtatatta, mun baza ta bisa tabarma ta ƙara shan iska kafin a zuba buhu. Ba ta da yawa, amma in ka dube ta ka ga tuwon kwana biyar. Na tsaya ina kallonta, hannuna na jini, ina jin kamar in yi guɗa.

Sai gabas ta yi baƙi.

Ya fito da gudu, ɗingishin ma ya manta. "Kun gani? Kun gani? Wa ya faɗa muku?" Ya tumɓuke sanduna, ya ja tamfol fili, ya shimfiɗa shi dab da tabarmarmu don nan ne ƙasa ta ɗan yi kwari. Gwaggo na ihu, "Danne shi da duwatsu! Ke, kwashe ƙwayar nan!" Tudun rairayi, ina dutse? Na ruga da buhu. Iska ta riga ni.

Ta shiga ƙarƙashin tamfol ta ɗaga shi sama kamar bango, ta maka shi bisa tabarma, ta ja su tare. Na ga ƙwayar ta tashi. Na bi ta da faifai, ina kama iska. Rairayi ya cika mini baki. Tukunya ta gangara, jaki ya yi ta harbi, da ba don dabaibayin da na sa mishi ba da mun rasa shi. Can sai komai ya lafa. Hadari ya wuce yamma abinshi. Ko ɗigo bai sauka ba.

Na durƙusa na tattara abin da ya saura, rabinshi ƙasa. Bai cika moɗa ba.

Ya dawo yana jan tamfol daga inda ƙaya ta kama shi. Ya ce, "Haka Allah ya so. Gobe sai mu koma gida tun da sauran ruwan hanya. Ba ga iri nan ba? A taɓa kaɗan, kafin ƙanena ya aiko."

Nan kunyar ta ƙare. Na miƙe na dube shi cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun da anka kawo ni gidansu.

"Yaya, irin wa za a taɓa?"

Ya ce, "Ke, da ni kike?"

"Da kai nike. Ka sauke ruwana ka ɗauko tsumman mota. Ka sha rabona, ka sha na Gwaggo. Ka zubar da abincin ɗiyana cikin rairayi, ka ce Allah. Allah ne ya ɗaure jaki? Allah ne ya ce a sa silifa cikin ƙaya?"

Matan da ke kusa sun tsaya suna saurare. Wata ta ce, "Gaya mishi, baiwar Allah!" Ya juya ga Gwaggo. "Kina jin matar ƙanena?"

Gwaggo na cire ƙaya ga tafin hannunta da allura, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Iska ta toshe mini kunne."

Kafin duhu na zaga wajen matan ƙetare na tambayi hanyar rijiya. Wata dattijuwa ta nuna mini da haɓa: in bar rana ga dama da safe, in bi sawun shanu. Ta ce makiyayan da ke can dabbobinsu sun mutu da yawa, fatu gare su har sun rasa yadda za su yi da su, salka ba ta yi musu wuya. Abin da ba su da shi, abin rufa bukka, don ciyawar da za su yi rufi babu.

Da gari ya waye na girgiza takalmina saboda kunama, na saka. Na tsiyaye sauran ruwan cikin tukunya na aje gaban Gwaggo. Na naɗe tamfol ni kaɗai, da gwiwa da haƙori, na ɗora wa jaki, na ɗaura salkar da ba komai a bisa, da guga da igiya.

Ya taso daga tabarma. "Ina za ki da kayana?"

"Za ni rijiya. Za ni dawo da salka biyu cike."

"Ba naki ba ne da za ki musanya!"

"Salkar da ka sauke ma ba taka ba ce. Ga tsintsiya nan, ga takalmin Gwaggo in za shi shige ka. Kafin in dawo a cika turmin nan sau goma."

Na kwance dabaibayi, na bar rana ga dama, na kora jaki.