Ƙidayar Ƙarfe Sha Ɗaya

Tun da boko ya shigo ƙasar nan ba a ƙera makami mai kaifin fom ba. Takobi sai an zare shi. Fom kuwa cike shi kawai ake yi. Shekara talatin na yi ina cikewa, amma ban taɓa mantawa da ranar da na yanka makaranta sukutum da biro ba.

Lokacin ina jami'in ilimi a Gusau. Gwamnatin jiha ta ware kuɗi a binciko yadda za a gyara rabon kuɗi da malamai a makarantun firamare. Aka ɗauko masani daga jami'a, Dakta Lawali, ya jagoranci aikin, mu kuma muka riƙe fom. Ga wanda bai san tsarin ba: ba a aiki da rajistar hedimasta, domin wasu kan rubuta har yaran da ba a haifa ba. Umarnin shi ne a shiga aji tsakanin ƙarfe goma da sha biyu, a ƙidaya kawunan da ido ya gani. A cikin gari, irin su Tudun Wada, doka ce mai hankali.

Wata Talata da damina muka isa wata makarantar 'ya'yan makiyaya can bayan Rawayya, sha ɗaya daidai. Dakta ya zauna a mota, ni na shiga. Aji ɗaya ne na jar ƙasa, yara shida a ciki, duk ƙanana. Hedimastan, Malam Buba, dattijo ne siriri, alli har a gemu.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, kun makara. Yara sun tahi da shanu."

Ya yi mini bayani. Da damina gonaki sun toshe ko'ina, dole duk yaron da ya tasa ya bi garke, kada shanu su faɗa hatsin mutane a yi tashin hankali. Shi ya sa suka daidaita da ardon rugar: karatu daga bayan sallar asuba har a gama tatsa, da hantsi a saki shanu. Sai ya rungumo littattafan rubutu ya zube a gabana, kowanne da aikin ranar, da makinsa na jan biro.

"Ƙidaya waɗanga, Malam. Littahi ba ya rubuta kanshi."

Na ƙidaya, sun haura arba'in. Na fita na gaya wa Dakta. Mutumin kirki ne, ya saurara har ƙarshe.

"Malam Isa, fom kawuna ya ce. In muka sassauta a nan, sai mun sassauta wa maƙaryata. Kuma ana jiran mu a Tsafe kafin sha biyu."

Malam Buba ya biyo ni bakin mota. "To ku kwana mana. Akwai hura, akwai nono. Da sassahe ku gani da idonku."

Tsarin aiki ziyara ɗaya ya ba kowace makaranta. Na rubuta shida. A ƙasan fom akwai layi biyu na ƙarin bayani. Na cike su har na gangara gefen takarda. Sai daga baya na ji cewa masu shigarwa a kwamfuta lambobi kawai suke ɗauka.

Malam Buba ya leƙa takardar. "Shida ka sa?"

"Shida na gani, Baba."

"Gaskiya ne," ya ce. "Allah shi kiyaye hanya."

Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Rahoton ya fito da bango mai ƙyalli, aka ƙaddamar da shi da jawabai da lemo. Shawarwarinsa masu kyau ne: a ƙara malamai, a gyara rufi, a kai kuɗi hannun makarantu kai tsaye. Can kusa da ƙarshe aka ce makarantar da ɗalibanta ba su kai goma ba a haɗe ta da mafi kusa. Mafi kusa da ta Malam Buba tana ƙetaren rafi, kuma tana buɗewa lokacin da shanu ke shirin fita. Aka mayar da shi wani ƙauye. Na rubuta takardar koke sau biyu, aka amsa cewa sakamakon bincike ne, kuma sa hannuna ne a kai.

Ku da kuka gaje mu, kafin ku ƙidaya mutane, ku tambayi lokacin da suke gida. Ni na koya a makare.

A duk shawarwarin rahoton nan, ta haɗe makarantu kaɗai aka aiwatar. Ita ce ba ta buƙatar ko sisi.