Kunyar Ɗiyar Fari

Duk macen da ta yi zaman aure a Bodinga zamanin mulkin farar hula ta san Tani Walfiya. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ni ce Hasiya mai bi mata. A ofishin jin daɗin jama'a take aiki, sunan ofishin na Turanci ne mutane suka lanƙwasa suka liƙa mata. Aikinta shiga tsakanin miji da mata idan abin ya kai ga duka.

Kuma wallahi ta iya. Ba ta shiga gida ta ce "An ce ana dukanki," don ta san mace a wurinmu ko jini na zuba "lafiya lau" za ta ce. Sai ta yi sallama kamar mai neman sayen daddawa, ta karɓi taɓarya ta taya mace daka, tana kallon hannun da ba ya ɗaguwa da ɗankwalin da aka ja ya rufe ido ɗaya. Ba ta tambayar mace a gaban mijinta. Daga kwas ɗin da aka tura ta Kaduna ta dawo da magana ɗaya da take maimaitawa har muka gaji: a fara tsare ran mace, sulhu ya biyo baya. Ta kan ɗauke mace ta ajiye gidan ungozoma, sannan ta tara waliyyi da liman da maigari a zauna da mijin. Maza sun tsane ta. Wani a Danchadi har kare ya sakar mata, ta koma washegari.

To, wannan jarumar tana da ɗiyar fari, Atika. Kun san al'adarmu. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta shiga maganarsa. Daga yaye gwaggon Atika ta ɗauke ta. Tani ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "waccan" ko "yarinyar nan". Mutane na yabo, wai ga 'yar boko mai kunya.

Atika ta auri Mode, mai fataucin albasa a Kajiji, kuma ita ta ce tana son abinta. Da farko lafiya. Sai aka shiga shekarar da gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, ana layin shinkafa da sabulu, albasar Mode ta ruɓe kafin ya samu motar Kudu. Daga nan ya fara dukanta. Kada wani ya ce mini wannan uzuri ne. Maza nawa albasarsu ta ruɓe ba su taɓa kowa ba?

Atika ta yi yaji ta zo gidan gwaggonta da auduga cushe a kunnen hagu. Dangin Mode suka zo biko da goro da bakin ban haƙuri, dattawa suka ce ta koma. Na tafi wurin Tani raina a ɓace, na tarar da ita tana ɗaura gyale za ta Mandera ceton ɗiyar wasu.

Na ce, "Yaya, kin ga kunnen Atika kuwa?"

Ta kau da kai. "Gwaggonta na nan. Baffanninta na nan."

"Su anka tura Kaduna ko ke? Ɗiyarki ta!"

"Hasiya, mi kike so a ce? Uwa ta tsaya gaban suruki kan ɗiyar fari? Da wane ido zan dubi mutane?"

Na san tana son yarinyar nan kamar ranta, shi ne ma abin da ya fi ƙona ni. Ta roƙi wani abokin aikinta ya leƙa Kajiji a madadinta. Bawan Allah ya je ya zauna a zaure, ya aika a tambayi matar gida ko lafiya, aka ce lafiya lau. Ya dawo da albasa a bayan babur. Kai, duniya!

Haka aka yi ta yi, yaji da biko, yaji da biko. Ranar wata kasuwar Bodinga wata maƙwabciyar Atika ta tare mu a rumfar masu manja. Ba ta ko gaisa ba ta ce, "Walfiya, ke da ke ceton ɗiyan mutane, in ba ki zo kin ɗauki taki ba gawa za a kawo maki."

Tani ta saki kwanon da ke hannunta. Muka hau motar garin Shagari, daga nan muka ƙarasa Kajiji da rana tsaka. Tani ta wuce Mode a zaure ko kallonsa ba ta yi ba. Atika na zaune a tsakar gida ta ba ƙofa baya, tana ɓare albasa. Matan maƙwabta sun biyo mu sun cika ƙofa. A gabansu duka yayata ta buɗe baki.

"Atika!"

Ban taɓa jin sunan nan a muryarta ba.

"Atika, tashi mu tafi gida. Atika!"

Yarinyar ta ci gaba da ɓare albasarta. Maƙwabciyar ta matso ta ce a hankali, "Sai kin taɓa ta. Shekaranjiya ya sami ɗayan kunnen."

Mun dawo da ita, alƙali ya raba auren, asibitin birni suka duba kunnuwan suka ce babu abin yi. Tani ta ci gaba da aikinta har ta tsufa, ta ceci mata da yawa, ban hana mata wannan ba. Amma har yau idan na ji ana yabon wata uwa da kunya, tashi nake in bar wurin. Gidana na jikin na Tani. Kullum da safe, har Allah Ya karɓi ranta, ina jin ta ta katanga tana kiran sunan nan da ƙarfi, Atika, Atika, ɗiyar kuwa tana shara abinta.