Mushe Habu, Wanda Ya Tsare Gangunana

Ina tsakar ɗaukar bulo a Tamanrasat saƙon murya na ƙanena ya shigo: "Yaya, Mushe Habu ya cika jiya a Tanut." Na aje bulon na zauna a ƙasa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Mutumin nan, da muke ce wa Mushe irin na Faransanci, wato Malam, shi ya karya mini sana'a. A da ina sayo tsofaffin gangunan ƙarfe daga wajen ma'adinan uraniyum na arewa, in kai kasuwar Balbeji, mutane su saya su zuba ruwa. Shi kuwa ma'aikacin gwamnati ne mai binciken irin wannan kaya. Wata rana ya kara na'urarsa ta auna gubar uraniyum jikin lodina, ta hau ƙara.

"Alhaji, waɗannan ba za su ga ruwa ba."

"Haba Mushe, an wanke su fa!"

"Wannan dauɗar ba ta jin sabulu. Kaɗan ce, amma kullum za a sha ta."

Doka ta ce mai shara shi zai binne abarsa. Masu ma'adinan suka ce kuɗin jigila ya fi ƙarfin gangunan, ofishinsa kuma ya ce babu kasafi. Aka jibge su bayan gari, kowa ya kama gabansa. Shi kaɗai ya ƙi tafiya. Ya kewaye su da ƙaya, ya kafa rumfa, ya zauna tsawon bazara. A yankinmu na Damargu, lokacin da rijiyoyi ke ja da baya, a hana mutum ganga! Matan garin Tarka suka zage shi, ni ma na zage shi. Wata tsohuwa ta dage, sai ya aika gida aka ɗauko randar matarsa ya ba ta. Yakan ce, "Gwamnati ta manta da su, ni ban manta ba." Sai da damina ta faɗi aka turo mota ta kwashe.

Jarina ya tafi, ba wanda ya biya ni, shi ya sa nake nan ina ɗauka wa wasu bulo. Ban daina jin ciwon ba. Amma ban taɓa ganin mutum ya riƙe doka haka ba, bayan waɗanda suka rubuta ta sun sake ta.

Ban sami jana'iza ba, to ku shaida: na yafe masa, shi ma ina fata ya yafe mini zagin. Allah Ya jiƙan Mushe Habu, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba matarsa Hajiya Zara da 'ya'yansa haƙuri, Ya tsare musu ruwan da za su sha.